Magudiya a Ƙarƙashin Itatuwan Gona: Nazarin Ƙananan Tsirrai Manuna a Gundumomin Tasawa da Mayahi

Tsakure

Maƙalar ta ɗauki wani ƙaramin tsiro mai farin kai da Hausawa ke kira magudiya, ta auna shi da ɗan'uwansa na dazuzzukan Turai, Stellaria holostea, domin amsa tambaya guda: shin dabarar gane tsohon daji ta hanyar ciyawar da ke ƙarƙashinsa, wadda aka gina a Ingila, za ta yi aiki a gonakin Tasawa da Mayahi, inda itatuwa suka dawo ta hanyar sassabin zamani? An gina nazarin a kan rubutattun majiyoyi. Abin da ya fito shi ne tsirran biyu sun haɗa dangi amma ba su haɗa shaida ba. Na Turai shaidar daɗewar inuwa ne, magudiya kuwa shaidar buɗaɗɗen yashi ce. Saboda haka dabarar tana buƙatar a sake mata ginshiƙi kafin a yi aiki da ita a jigawa.

1.0 Gabatarwa

Gundumar Tasawa tana gabashin jihar Maraɗi, babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 ta ratsa ta zuwa Damagaram. Mayahi tana arewa maso yamma da ita. A ƙidayar 2012 kowaccensu ta haura mutum 500,000, kuma mafi yawansu manoman gero ne da dawa da wake da gyaɗa. Ruwan sama na sauka daga Yuni zuwa Satumba, galibi tsakanin milimita 300 da 550 a shekara, yana raguwa yayin da aka nufi arewa. Manoma sun kasa ƙasarsu gida uku: jigawa mai yashi, wadda ita ce mafi yawa, geza mai tauri, wadda ruwa ke gudu a kanta, sai fadama. Tsohon kwarin Gulbin Kaba, wanda ruwa ya daina gudana a cikinsa tun da daɗewa, ya keta gundumar Mayahi, kuma goriba da kabarta ne suka ba shi suna.

Wannan yanki ya shiga bakin duniya saboda itatuwan da suka riƙa dawowa cikin gonaki tun daga tsakiyar shekarun 1980. An ƙirga itatuwan daga ƙasa, an ƙirga su daga sama. Abin da bai samu irin wannan kulawa ba shi ne rukunin ƙasa, wato ƙananan tsirran da ba su kai gwiwa ba, waɗanda mutanen yankin ke haɗawa gaba ɗaya su kira haki. Manufar maƙalar ita ce a duba ko wani daga cikinsu zai iya zama manuni, ma'ana tsiron da ganinsa a wuri ke ba da labarin tarihin wurin. An zaɓi dangin Caryophyllaceae ne domin a cikinsa ake samun ɗaya daga cikin sanannun tsirran ƙarƙashin dajin Turai, kuma a cikinsa magudiya take.

2.0 Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Ɗaya daga cikin tsofaffin majiyoyi a kan magudiya shi ne J. M. Dalziel, likitan da ya yi aiki a Arewacin Nijeriya, wanda ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916. A ciki ya danganta magudiya da Polycarpaea linearifolia, ya kuma danganta bakin suda da Polycarpaea corymbosa. Daga baya shi da John Hutchinson suka wallafa kundin tsirran Afirka ta Yamma tsakanin 1927 da 1936, sannan a 1937 Dalziel ya ƙara da littafin amfanin tsirran, wanda H. M. Burkill ya faɗaɗa a Kew daga 1985. A ɓangaren Nijar, Peyre de Fabrègues da Lebrun sun fitar da jerin tsirran ƙasar a 1976, tawagar Adjanohoun ta tattara tsirran magani a 1980, sai kundin digirin Mahamane Saadou na 1990 a Jami'ar Yamai, kan tsirran tudu na gabashin kogin Kwara. Waɗannan ayyuka sun ba da suna da siffa da irin ƙasar da tsiro ke so. Tarihin kowace gona ba ya cikin abin da suka sa gaba.

Wannan tarihi wasu ne suka bi shi. Claude Raynaut da abokan aikinsa na Jami'ar Bordo sun yi shekaru suna nazarin ƙauyukan Maraɗi, ciki har da Sarkin Hausa a ƙasar Mayahi, kuma ta kwatanta hotunan sama na shekarun 1950 da na 1970 sun nuna yadda noma ya cinye daji da saura, musamman a zamanin da gyaɗa ke tashe. Anne Luxereau da Bernard Roussel a 1997 sun duba yadda tsirran daji suka koma dukiyar mai gona bayan daji ya ƙare. Michael Mortimore da Mary Tiffen da Boubacar Yamba da John Nelson a 2001 sun yi bitar sauyin shekara 40, daga 1960 zuwa 2000, suka ƙi yarda da ra'ayin cewa ƙaruwar jama'a lalacewar ƙasa kaɗai take haifarwa. Shi kuwa sassabin zamani, wato renon tsiron kututture a cikin gona har ya zama itace, ana danganta yaɗuwarsa da aikin da Tony Rinaudo ya faro a Maraɗi a 1983 a ƙarƙashin ƙungiyar SIM, wanda yunwar 1984 ta ba shi ƙarfi. A 2009 Chris Reij da Gray Tappan da Melinda Smale sun ƙiyasta cewa ya shafi hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. Ma'aunin nasara da ya fi rinjaye a wannan muhawara shi ne yawan itace a hekta.

Reshe na uku na bitar ya fito daga Turai. A 1974 George Peterken ya gabatar da dabarar tantance daji ta hanyar tsirrai manuna, Oliver Rackham kuma ya kafa ta sosai a littafinsa na 1980. A Ingila ana kiran daji tsoho idan bai taɓa zama gona ba tun shekarar 1600. A 1999 Martin Hermy da abokansa suka tattara jerin tsirrai 132 da bincike a ƙasashen Turai ya alaƙanta da irin wannan daji. Ginshiƙin dabarar shi ne wasu ƙananan tsirrai ba sa saurin komawa wurin da aka taɓa nomewa, ko da itatuwa sun dawo.

3.0 Dabarun Bincike

An bi hanyar kwatance. Daga ayyukan Peterken da waɗanda suka biyo shi an tsamo sharuɗɗa uku da ke sa tsiro ya zama manunin tsohon daji: ya kasance mai jinkirin yaɗuwa, ya kasance noma na kashe shi, ya kuma kasance rayuwarsa ta rataya a kan inuwa da ƙasar da itatuwa suka gina. An ɗora magudiya da ƴan'uwanta biyu na rukunin Polycarpaea a kan waɗannan sharuɗɗa. Wajen rarraba tsirrai an yi amfani da tsarin Christen Raunkiær, masanin ƙasar Danmak, wanda aka tattara ayyukansa da Turanci a 1934. Tsarin yana kasa tsirrai bisa wurin da suke ajiye ƙwayar rayuwarsu a lokacin tsanani: a kan reshe, a daf da ƙasa, a cikin ƙasa, ko a cikin iri kawai. Bayanan siffa da mazauni an ɗauko su ne daga kundayen da aka ambata. Duk inda aka wuce abin da majiyoyi suka tabbatar, an bayyana maganar a matsayin hasashe.

4.0 Nazari

4.1 Dangi da Siffa

Antoine-Laurent de Jussieu ne ya bayyana dangin Caryophyllaceae a 1789. Yana da nau'o'i fiye da 2,000, mafi yawansu a ƙasashe masu sanyi na arewacin duniya da kewayen tekun Bahar Rum. Alamominsa su ne ganye biyu-biyu suna fuskantar juna, gaɓa mai ɗan kumburi, da fure mai sassa biyar-biyar.

Stellaria holostea, wadda Linnaeus ya raɗa wa suna a 1753 kuma wasu masana suka mayar da ita rukunin Rabelera a 2019 bisa nazarin ƙwayoyin gado, tsiro ne mai kara siriri mai kusurwa huɗu da saurin karyewa. Ganyen furenta guda 5 ne, farare, kowanne a tsage kusan zuwa rabi, sai ka ɗauka 10 ne. Tana fure daga Afrilu zuwa Yuni a cikin daji da gindin shinge, kuma tana yaɗuwa da siraran karare masu rarrafe daga shekara zuwa shekara. A Afirka ta Yamma, mai irin wannan ɗabi'a sai an hau tsauni ko an shiga kurmi: Stellaria mannii a Dutsen Kamaru da tsibirin Biyoko, da Drymaria cordata a wurare masu laima.

A jigawar Sahel wakilin dangin shi ne rukunin Polycarpaea, wanda Lamarck ya kafa a 1792. Nau'o'i uku ne aka fi rubutawa a ƙasar Hausa. P. linearifolia, magudiya, tana tsayawa a miƙe, furanninta sun dunƙule a saman kara kamar ƴar ƙwallo. P. corymbosa, bakin suda, furanninta sun fi bajewa, kuma ana samunta daga Afirka har Indiya da Ostareliya. P. eriantha ta fi su gajarta, tana rassa tun daga gindi. Dukansu ganyensu sirara ne ƙwarai, tsayinsu kuma da wuya ya kai rabin mita.

Akwai bambanci ɗaya a nan da ya kamata a tsaya a kansa, domin daga gare shi sauran suka taso. Farin Stellaria na ganyen fure ne, mai laushi da ruwa, wanda ke yanƙwanewa cikin ƴan kwanaki. Farin magudiya na kwanson fure ne da ƴan ɓawon da ke kewaye da shi, busassu tun suna ɗanye, masu sheƙin azurfa. Ganyen furen na ainihi ƙanƙane ne, yana ɓoye a ciki. Shi ya sa ake ganin farin kanta a tsaye har cikin hunturu, bayan tsiron ya riga ya mutu. Ga mai bincike wannan riba ce, domin tsiron da za a iya ganewa a watan Nuwamba ya fi sauƙin ƙirgawa a kan wanda ke ɓacewa da ɗaukewar ruwa.

4.2 Inda Ake Ajiye Rai a Lokacin Tsanani

Tsananin dajin Turai sanyi ne, kuma ƙasa ba ta bushewa ƙayau a cikinsa. Tsiro zai iya barin kararensa da tohonsa a daf da ƙasa, ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye, ya jira bazararsu. Tsananin Tasawa da Mayahi rani ne na wata 8, wanda saman yashi ke bushewa sarai, zafinsa da rana tsaka a Afrilu ya wuce abin da ɗanyen toho zai jure. Hanya biyu ce ta rage: ko saiwa ta nutsa inda laima take, kamar yadda itatuwa da gamba da yaɗiya suke yi, ko tsiro ya mutu ya bar iri. Ƙarangiya da komayya da gadagi da marak duk hanya ta biyu suka bi, kuma ita ce ta rinjayi rukunin ƙasa a Sahel baki ɗaya. Magudiya da ƴan'uwanta a jigawa ƴan damina ɗaya ne. Ƴaƴansu ƙanana ne ƙwarai, suna fitowa daga ɗan kwanso mai tsagewa uku.

Wannan kaɗai ya rushe sharaɗi na farko. Bincike a kudancin Suwidin da wasu ƙasashe ya nuna cewa tsirran tsohon daji da dama ba sa wuce mita ɗaya a shekara wajen shiga sabon daji. Jinkirin nan shi ne ya mayar da su agogo. Tsiron da ke zubar da ƙananan ƴaƴa masu yawa a kan yashin da iskar hunturu ke kwasa, dabbobi na takawa, ana kuma jan busasshen haki a kansa zuwa gida, ba shi da wannan jinkiri. Kama da wane ba ta wane.

4.3 Haske, Inuwa da Sha'anin Gawo

Stellaria tana cin moriyar wata ƴar taga ce ta lokaci. Itatuwan dajin Turai suna zubar da ganye da sanyi, ba sa rufe sama sai wajen watan Mayu, to a wannan tsakani haske na isa ƙasa, ita kuma ta yi girma ta yi fure. Bayan nan ta zauna cikin inuwa ba tare da ta mutu ba.

Polycarpaea ta sha bamban. Ita ce rukuni ɗaya tilo a cikin danginta da aka tabbatar wasu nau'o'insa suna haɗa abinci da hasken rana ta hanyar da ake kira C4, hanyar da gero da dawa da ƙarangiya ke bi. Wannan hanya tana ba tsiro damar aiki cikin zafi da ƙarancin ruwa, amma ribarta na raguwa a inuwa. Ko ba a je ga cikin ganye ba, mazaunin da kundaye suka ba wa nau'o'in uku ya isa shaida: buɗaɗɗen yashi, tsohuwar gona, bakin hanya, tsakuwa. Sharaɗi na uku ke nan ya faɗi, har ma ya juye, domin abin da ke raya wancan shi ke iya korar wannan.

To sai dai inuwar gonakin Tasawa da Mayahi ba iri ɗaya ba ce, kuma a nan ne ƙirgar itace a hekta ta fi gazawa. Gawo, Faidherbia albida, yana zubar da ganye da damina, ya yi sabo da rani. A watannin da magudiya ke raye, ƙarƙashin gawo kusan a buɗe yake. Kalgo da sabara da taramniya da aduwa kuwa suna da ganye a daidai wannan lokaci. Gona mai itace 40 na gawo da gona mai itace 40 na kalgo lissafinsu ɗaya ne a takarda, amma hasken da ke isa ƙasa a Agusta ba ɗaya ba ne.

Sannan gawo yana canza ƙasar da ke gindinsa. Ganyen da yake zubarwa a farkon damina da kashin dabbobin da ke fakewa a inuwarsa da rani suna ƙara mata ƙarfi. Charreau da Vidal sun auna haka a Bambey ta Sanagal a 1965, suka samu geron gindin gawo ya fi na fili yabanya da amfani, abin da manomin Mayahi bai jira kowa ya gaya masa ba. Bugu da ƙari, aikin Penning de Vries da Djitèye a Mali, wanda aka wallafa a 1982, ya nuna cewa a kudancin Sahel ƙarancin sinadarin naitirojin da fosfaras ya fi ƙarancin ruwa tauye girman ciyawa. Daga nan ake iya gina hasashe: idan magudiya ta yi ƙaranci a gindin gawo, ba inuwa ce ta kore ta ba, tsirran da suka fi ta cin moriyar ƙasa mai ƙarfi ne suka danne ta, idan kuma ta yi ƙaranci a gindin kalgo, inuwa da tarin ganye ne abin fara tuhuma. Rarrabe waɗannan dalilai biyu abu ne da gwajin fili zai iya yi.

4.4 Hauya, Saura da Burtali

Sharaɗi na biyu shi ne mafi sarƙaƙiya. A Ingila garma na kashe tsiron daji sau ɗaya, kuma ba ya dawowa sai bayan ƙarni. A jigawa ana noman fari, ana maimai, kuma hauyar tsaye da ake amfani da ita a yawancin wannan yanki tana yanke haki ne a ƙasa da saman yashi kaɗan, ba ta juya ƙasa. Tana kashe tsiron da ya riga ya fito, ba ta binne irin da ke kwance. Duk abin da ya tsiro bayan maimai, ya kuma iya kammala rayuwarsa kafin ƙasa ta bushe a Oktoba, ya tsira. Ƙaramin tsiro mai saurin fure yana da wannan dama. Noma yana rage magudiya, amma ba ya share tarihinta daga gona.

Inda ta fi sakewa shi ne saura, wadda a nan ake kira maiso. Matsalar ita ce saura ta kusa ƙarewa a kudancin gundumomin biyu, tun lokacin da Raynaut ya rubuta. Sassabin zamani bai dawo da ita ba, kuma ba a yi shi don haka ba. Manomi yana zaɓar tsiro ɗaya zuwa kaɗan daga kowane kututture, ya sare sauran, ya yi wa na barin aski, ya ci gaba da noma a tsakaninsu kowace shekara. Abin da aka samu gona ce mai itatuwa. Kiranta daji, kamar yadda wasu rahotannin ƙungiyoyi ke yi, kuskure ne na ilimi, domin rukunin ƙasa na daji bai dawo tare da itatuwan ba. Dokar gandun daji ta 2004 da ƙudurin gwamnati na Yulin 2020 kan sassabin zamani sun ƙarfafa haƙƙin manomi a kan itacen da ya raina, kuma hakan ci gaba ne. Sai dai kan itace suka yi magana, ba kan rukunin ƙasa ba.

Wuraren da hauya ba ta shiga su ne burtali da makiyaya, waɗanda dokar karkara ta 1993 da ta makiyaya ta 2010 suka ba kariya, sai maƙabartu da iyakokin gonaki. A zato, nan ne za a samu ragowar tsohon haki. Amma burtalai da makiyayu da yawa a jihar Maraɗi garmani, Sida cordifolia, ya mamaye su, tsiron da dabbobi ba sa so, wanda ke bunƙasa inda kiwo da takawa suka yi yawa. Don haka wurin da ba a noma ba lallai ne ya zama wurin da ba a taɓa ba. Wannan na rage darajar burtali a matsayin ma'aunin kwatance, ya kuma ƙara darajar tsofaffin maƙabartu, duk da cewa shigarsu na buƙatar izinin liman da mai gari.

4.5 Abin da Magudiya Ke Shaida da Wanda Zai Maye Gurbinta

Faɗuwar magudiya a sharuɗɗan Peterken ba ta fitar da ita daga sahun manuna ba. Rukunin nata ma yana da tarihi a wannan aiki: a arewacin Ostareliya masu neman ma'adinai sun daɗe suna bin Polycarpaea spirostylis domin gano ƙasa mai tagulla. Abin da take nunawa halin ƙasa ne na yanzu. A jigawa, inda ta yi yawa, abin da ya kamata a bincika shi ne buɗaɗɗen yashi mai rauni da ƙarancin masu gasa da ita. Idan hasashen 4.3 ya tabbata, raguwarta a gonar da aka yi shekaru ana sassabe zai zama alamar farfaɗowar ƙasa, akasin yadda ake karanta raguwar Stellaria a dajin Turai. Manoma sun riga sun saba da irin wannan karatu: ganin ƙuduji ya yi yawa a gonar gero, sun san gona ta gaji.

Wanda ya fi cika sharuɗɗan uku a wannan ƙasa sai a neme shi cikin tsirrai masu daɗewa. Na farko shi ne kututturen kansa. Sabara ko kalgon da ke toho daga tsohuwar saiwa ya girmi gonar da yake ciki, kuma nau'o'in da ke cikin kututturan gona jeri ne na dajin da aka sare. Ƙirya da danya, waɗanda ba sa dawowa da sauƙi, rashinsu ma labari ne. A Gulbin Kaba, kabar da ke fitowa a gonaki tana nuna inda goriba ta taɓa tsayawa. Na biyu shi ne gamba, Andropogon gayanus, ciyawa mai daɗewa wadda noma da kiwo mai yawa ke kashewa. Sai dai gamba na da tarko: manoma suna barinta, har suna dasa ta, a iyakar gona domin zana da rumbu. Gambar da hannu ya dasa ba ta shaida komai game da tsohon daji. Mai bincike ba zai rarrabe ta da ta Allah ba sai ya tambayi mai gona, lamarin da dabarar Ingila, wadda ta dogara da tsofaffin taswirori, ba ta tanadi gurbinsa ba.

4.6 Amfani da Ɗiba

Dalziel ya rubuta cewa ana sa magudiya cikin haɗin farin jini da na mallaka, kuma mafarauta da mayaƙa suna kiranta mai nasara. Ga wannan nazari muhimmancin bayanin na lissafi ne. Tsiron da ake cirewa dungurungum domin magani, yawansa kusa da gari ba zai zama na ƙasa da haske kaɗai ba. Haka nan sharar busasshen haki domin dabbobin gida da kasuwa, wadda ta zama sana'a a yankin, tana kwashe kawunan tsirrai tare da irin da bai zuba ba. Dole nisan wuri daga gari ya shiga cikin kowane awo.

5.0 Tsarin Gwajin Fili

Ana ba da shawarar a zaɓi ƙauyuka a kan layi daga kudancin Tasawa, wajen Korgom da Hawandawaki, zuwa arewacin Mayahi, domin a kama bambancin ruwan sama, a kuma ware Gulbin Kaba a matsayin rukuni mai zaman kansa. A kowane ƙauye a ɗauki wurare huɗu a kan jigawa: gonar da aka daɗe ana sassabe, gonar da ba ta da itace, saura idan akwai, da burtali. A cikin gonar sassabe a auna murabba'in mita ɗaya-ɗaya a gindin gawo, a gindin kalgo ko sabara, da a fili, a kuma ɗebi ƙasar sama daga kowanne domin awon naitirojin da fosfaras. Wani kaso na wannan ƙasa a shimfiɗa shi a faranti a riƙa ba shi ruwa, domin a ga irin da ke kwance a ciki, tunda abin da ya tsiro a damina ɗaya ba shi ne duk abin da gona ta ajiye ba.

Shekarun gona da na itatuwanta a karɓo su daga mai gona da dattawan gari, a daidaita da hotunan sama. A nuna wa manoma da masu magani tsiron a hannu kafin a rubuta suna, domin suna ɗaya na iya hawa nau'o'i biyu daga gari zuwa gari. Samfuran da aka busar a ajiye su a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da cibiyar INRAN ta Tarna, a kuma yanka ganyen nau'o'in uku a duba a madubin ƙara girma domin tantance hanyar haɗa abincinsu. Ƙirga ta kasance sau biyu a shekara, a ƙarshen Agusta bayan maimai da kuma a Oktoba kafin a saki dabbobi cikin gonaki, a maimaita aƙalla damina uku a jere, saboda yawan tsirran damina ɗaya yana hawa da sauka ne bisa yadda ruwan farko ya faɗi.